Hotunan Ƙanƙara da Idon Umma

A gidanmu in an ce hoto, to mutum ake nufi. Ranar salla ko ranar suna ake kiran mai hoto, a yi wanka, a ci kwalliya, a jera yara a gaba manya a baya. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata fim a kan bishiya ko dutse ba, sai da ƙanena ya tafi can ƙarshen duniya ya mayar da hakan sana'a.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Umma, ni ta fari, shi auta. Ni kunyar ɗan fari take yi mini, ko sunana ba ta kamawa, sai dai ta ce "ke", ko ta ari bakinsa ta ce "Yaya". Shi kuwa Auta ba kunya ba kara. Ta goya shi har ƙafarsa tana jan ƙasa, kuma ko da ya fara gemu, in ya shigo ɗaki sai ta kama haɓarsa ta juya fuskar dama da hagu ta ga ko ya rame.

Shekarun da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, na samu aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. Garin a lokacin kamar ana hura shi. Ka wuce fili da safe, in ka dawo bayan wata biyu ka tarar da bene. Albashina bai kai ni cikin gari ba, sai na kama ɗaki biyu a Dutse Alhaji, ni da 'ya'yana mata, don aurena ya riga ya mutu. A wannan yalwar ce Auta ya samu tallafin karatu zuwa wata ƙasa a can saman Turai, zai karanci duwatsu da yadda ake gano mai a ƙarƙashinsu. Duk dangi mun gama lissafi. Zai dawo ya shiga kamfanin mai, ya gina wa Umma gida mai tayil, ni ma ya fitar da ni daga layin 'yan garuwa.

Ana cikin karatun aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa wasu tsibirai da ke gaba da ƙasar, inda ba gona ba gari, sai ƙanƙara. Aka ba shi kyamara ya riƙa ɗaukar duwatsun da malamansa ke aunawa. Shi ke nan, yaro ya juya kyamara ya bar duwatsu. Bayan shekara ya kira ni ya ce ya ajiye karatun, wai mujallu da masu buga kalanda suna sayen hotunansa. Na zage shi tas a waya har katinsa ya ƙare. Na ce duk masu hoton da ke bakin sakatariya suna bin mutane da "oga, fasfo", su ba su ishe mu ba sai an ƙara da kai?

A tsakanin nan Baba ya rasu, Auta bai samu zuwa ba. Bayan takaba na ɗauko Umma daga Kano don a duba mata ido, tana cewa tana yawan tuntuɓe da abin da ke gefenta. Zuwan da ta yi ke nan ba ta koma ba.

Ambulan ɗin farko daga Auta ta akwatin gidan wayar ofishinmu ya zo, babba, mai kwali a ciki don kada ya lanƙwashe. Na kawo gida da yamma. Umma ta wanke hannu, ta shimfiɗa sallaya a tsakar gida inda haske yake, ta sa tabarau, ta yi bisimilla. Hoton farko wani tsaunin ƙanƙara ne yana yawo a teku, fari a sama, shuɗi a gindi, shuɗin da ban taɓa gani ba ko a bakin marina. Na biyu fili ne fari fat har inda ido ya tsaya, da wata 'yar rana ja a ƙasa-ƙasa. Na uku sama ce da wani koren haske ya ratsa ta. Ta ɗaga kowanne, ta kai shi kusa da ido, ta bi shi lungu-lungu, ta juya bayansa. Da suka ƙare ta zazzage ambulan ɗin.

"Ke, shi yana ina?"

"Shi ne ya ɗauka, Umma. Yana bayan kyamara."

"To wa ya hana shi zagayowa gaba?"

Na ce haka sana'ar take, wuri ake ɗauka, ba mutum ba.

Ta sake duban farin filin nan ta ce, "Ko akuya babu. Wannan gari ne ko an tashi ƙiyama?"

Ni kaina sai da na ɓoye na sake kallonsu ni kaɗai, don ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Haushin da na ji ma ke nan. Da ba su yi kyau ba, da na san zai gaji ya dawo.

In ya kira ranar Juma'a, in aka gama gaisuwa ba shi da zance sai ƙanƙara. Yaron da a gida sai an matsa bakinsa yake magana, sai ga shi yana zuba. Wai akwai watannin da rana ba ta faɗuwa, akwai waɗanda ba ta fitowa. Wai batir a hammata yake ajiye shi, don sanyi yana shanye shi kafin a yi aiki da shi. In zai danna sai ya riƙe numfashi, kada tururin bakinsa ya daskare a gilashi. In zai shiga ɗaki mai ɗumi sai ya ɗaure kyamarar a leda tukuna, in ba haka ba ta yi gumi ta lalace. Yakan kafa ta a kan sandarta mai ƙafa uku ya wuni yana jiran haske ya faɗo yadda yake so, wani lokaci ya yi kwanaki bai danna ko sau ɗaya ba. Kuma dole wani ya tsaya masa da bindiga saboda wata farar dabba da ke cin mutum.

Umma duk wannan bai dame ta ba kamar zancen rana. Ta aike ni wajen limamin unguwa in tambayo yadda ake salla da azumi a garin da magariba ba ta yi. Liman ya ce ya bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana. Ta sa na maimaita wa Auta har sau biyu, sannan ta karɓi wayar.

"Auta, ka tsaya a gaban abin nan a ɗauke ka. Ko ɗaya ne."

"To, Umma, in sha Allahu."

Likitan ido wata mata ce mai magana a hankali. Ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci da yawa kafin mu zo. Ba yana ba ce da za a kankare. Gani zai riƙa tsukewa daga gefe yana matsowa tsakiya, maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai, abin da ya tafi ya tafi. Da muka fito, muna tsaye a bakin titi muna jiran motar Dutse, Umma ba ta ce komai a kan makanta ba. Abin da ta ce shi ne, "Ki gaya wa yaron nan ya yi sauri."

Na gaya masa, ban rage komai ba. Ya ce zai zo. Sai ambulan ya sake zuwa, ƙanƙara ce. Wani ambulan ɗin ya zo, ƙanƙara da teku. Na kai Umma shagon intanet da ke bakin kasuwa, inda akwai 'yar kyamara a saman kwamfuta da ake ganin juna. Muka zauna cikin zafi da ƙarar janareta, samari suna leƙenmu. Shi yana ganinmu, har yana cewa Umma ta yi kyau da wannan mayafin. Mu kuwa baƙin allo muke kallo, wai tasa kyamarar ta lalace. Mutumin da ke cin abinci da kyamara! Muka koma wani makon, ba ta gyaru ba. A karo na uku Umma ta ce ba za ta ƙara zuwa ta yi wa allo murmushi ba.

Ita ce da kanta ta kawo shawarar mai hoto. Ta ga maƙwabciyarmu ta kai hoton mijinta an ɗora shi a gaban wani dogon bene na ƙasar waje, shi da ko Legas bai taɓa zuwa ba. Ta ciro ɗan hoton fasfon Auta na lokacin da zai tafi daga ƙasan akwatinta, ta zaɓi tsaunin nan mai shuɗin gindi, ta ce in kai a sa mata ɗanta a ciki.

Mai shagon wani mutumin Filato ne mai fara'a, Hausarsa irin ta Abuja, mace da namiji duk ɗaya. Ya ɗaga hoton ya yi fito.

"Madam, wannan hoto ta yi kyau o! Ina ka samo shi?"

Na ce ƙanena ne ya ɗauka.

"Ka bar ni in buga shi babba, in yi labule da ita. Kwastoma za su so. Aikinka kyauta ne."

Na ce ya yi abin da ya ga dama. Ya yanko kan Auta ya ɗora a jikin wani mai farar shadda da hula, ya tsayar da shi a kan tsaunin, da takalmi sau-ciki, hannu a aljihu. Da na kai gida Umma ta daɗe tana dubawa. Ta ce an sa masa kaya marasa nauyi a wannan sanyin. Muka yi dariya, har 'ya'yana suna faɗuwa. Can sai ta kife hoton a cinyarta.

"Wannan ai yaron da ya tafi ne. Shi na riga na haddace shi. Na yanzu nake so."

Mai hoto kuwa ya cika alkawari. Ya buga labulensa har ƙasa, ya rataye a shago. Kafin wata ya zagayo duk Dutse Alhaji ta tsaya a gaban ƙanƙarar Auta. Masu gadi, 'yan acaɓa, amare da angwaye, masu sayar da katin waya, kowa ya sa kwat ya tsaya a ɗauke shi ya aika ƙauye. Kullum in na sauko daga mota sai na wuce ta gaban shagon, in ga wani baƙo yana gyara kwala a wurin da uwata ke roƙon ɗanta ya tsaya. Daga baya na sauya hanya.

Ranar da na gaji, a ofis nake. Na fito matattakalar bene inda ba kowa, na sa kati mai yawa, na kira shi. Na ce yau sai ya gaya mini. In Baturiya ya aura ya faɗa, in addinin ya bari ya faɗa, in kurkuku yake ya faɗa, amma ya daina mayar da tsohuwa abin wasa.

Ya ce, "Yaya, ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Faɗi."

Sai ya faɗa. Tun kafin a gano ciwon Umma abin ya faru. Ya hau wani tudu yana jiran haske, iska ta taso. Ƙyallen da ke rufe masa fuska yana mayar da numfashinsa cikin madubin leƙawa na kyamara, sai ya janye shi ƙasa. Ya manna fuska a bayan kyamara, ƙarfe ne, hancinsa a jiki, ya daɗe a haka. Bai ji komai ba, don irin wannan sanyin kashe wurin yake yi kafin ya ci shi. Guguwa ta tsare su a tanti shi da mai bindigar, kafin a kai shi asibiti wurin ya yi baƙi. Sun yanke kan hancin da gefe ɗaya, da saman kunnen hagu, da kan yatsu biyu.

Na zauna a matattakalar. Na yi salati. Tausayinsa ya kama ni, amma haushin bai tafi ba, tare suka zauna.

"Shi ne ka ɓoye? Uwarka ce fa."

"Yaya, in na shigo unguwa da wannan hancin kin san sunan da za a kira ni. Kuturu za a ce. Ba wanda zai yarda sanyi ne. Za a daina cin abinci da ni a kwano ɗaya, a ce wa Umma ɗanta ya je Turai ya kwaso kuturta."

"A ce mana! Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi ya ce, "Nan yankewa suke yi."

Ya ce likitoci za su gyara. Za su yanko fata daga goshinsa su gina hancin, amma ba a zama ɗaya ba, sai an yi a jira ya kama, a sake yi. In an gama zai zo, Umma ta gan shi yadda ta san shi. Na ce idon Umma ba zai jira likitocinsa ba. Ya ce in ba shi 'yan watanni. Ya haɗa ni da Allah kada in gaya mata. Na ce wannan haɗin ban karɓa ba.

Da na koma gida na same ta tana tsince shinkafa da laluben yatsa. Na zauna kusa da ita na gaya mata komai, a hankali, kamar yadda ya faɗa mini. Na shirya wa kukanta. Sai ta ture farantin ta dube ni da ɗan ganin da ya rage mata.

"Sanyi?"

"Sanyi, Umma."

"Ke ma kin yarda? Sanyin ne ban sani ba? Na yi wata guda a Jos lokacin da ruwan randa ba ya taɓuwa. Leɓe ne yake fashewa, sai kaushi da faso. Wuta ce ke cin nama, ita da kura. Yaushe sanyi ya yi haƙori?"

Na yi bayani har na gaji. Na ce ta tuna naman da ke daɗewa a firiza. Ta ce shi naman ai ba ya raguwa, ajiye shi ma ake yi a ciki don kada ya lalace. A ganinta fatar hancin ce ta ɗan saɓule, shi kuma da son gayu irin na samari yake jin kunya. Washegari ta aike ni kasuwar Dutse na sayo man kaɗanya mai kyau, ta narka shi da kanta, ta ɗura a gwangwanin madara, ta naɗe da tsumma ta ɗinke. Na ba wani abokin aikinmu da za shi kwas Turai ya saka masa a gidan waya daga can. Ta karɓi waya ta ce ya riƙa shafawa safe da yamma, kafin sati biyu zai ga ya washe.

Ya ce, "To, Umma. Na gode."

Sati biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. Aikin farko bai kama ba, fatar ta mutu, aka ce sai wurin ya huce a sake. Yana jiran nan kuma lokacin tafiya ƙanƙara ya zo, ya bi jirgi ya tafi, wai ya riga ya yi alkawari da masu mujalla, kuma da kuɗin ne zai biya asibiti. Wataƙila gaskiya ne. Ni dai abin da na gani shi ne, mutumin da zai iya wuni a tsaye yana jiran rana ta faɗo a kan dutse ya ɗauka kowa ma haka zai jira shi.

Umma kuwa tunda man kaɗanya bai kawo shi ba, sai ta yanke cewa zancen sanyin duk dabara ce. "In ba ya son in gan shi ya faɗa," in ji ta, "ba sai ya laƙa wa sanyi ba." Ta yi ta juya abin. Yau ta ce ko kitso ya yi irin na mawaƙa. Gobe ta ce ko huda kunne ya yi. Daga baya ta bar laifinsa ta koma neman nata. Ko don ta taɓa marinsa a gaban abokansa yana ƙarami? Ko don ba ta raka shi filin jirgi ba? Wannan ya fi komai ci mini rai, in ji tsohuwa tana tone-tonen abin da ta yi wa ɗan da ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansa ba.

Ganin nata ya ci gaba da tsukewa har ya zama kamar mai leƙe ta ramin makulli. In za ta dubi mutum sai ta ja baya, ta bi fuskarsa kashi-kashi, ido, hanci, baki. Takan kira 'ya'yana ta tsayar da su a rana ta yi ta kallonsu, su suna ƙosawa suna cewa Hajiya rana fa. Ni ma ranar nan ta ajiye kunyar ɗan fari ta ce in tsaya. Ta dube ni tsawon lokaci ta ce ashe na fara furfura. Kujerarta kullum tana fuskantar ƙofar gida. Ambulan in ya zo ba ta ƙara cewa a buɗe, sai ta tambaya, "Yana ciki?" In na ce a'a, ta ce in ɗora a kan sif.

Ban san ranar da ya ƙare ba, don ɓoyewa ta yi. Ta san ɗakin, ta san hanyar banɗaki, ta ci gaba da juya fuska wajen mai magana. Sai wata safiya ina shirin fita aiki, na miƙa mata kofin shayi, ta miƙo hannu can gefe inda ba komai. Na matsar da kofin gabanta, na kaɗa hannu a fuskarta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Umma, tun yaushe?"

"An kwana biyu." Ta laluba ta kama zanena. "Kada ki gaya masa. In ya ji na daina gani zai ce ba sauran sauri."

Ban je aiki ba ranar. Na fita bayan gida wajen tankin ruwa na kira shi. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Sai ka kwantar da hankalinka, ta makance." Na kashe wayar.

Bai yi wata guda ba ya sauka a Abuja. Shekara da shekaru ba hali, ba biza, ba kuɗi, ga asibiti, ga mujalla, amma da ido ya rufe sai ga hanya ta buɗe. Ya rantse mini daga baya cewa ba haka ba ne, wai maganata ce ta karya shi. Na bar shi da Allah, amma ban taɓa yarda ba.

Ni na je tarbarsa. Ya fito da jaka ɗaya da akwatin kyamara, da farin bandeji a tsakiyar fuska. A mota ya cire ya nuna mini. Gefe ɗaya na hancin ya shige ciki, kan ya gajarce, fatar wurin ta yi wani ja-ja mai sheƙi, ga tabo a tsaye a goshi inda aka yanko. Ba kyau, ba zan ce da kyau ba. Amma Auta ne. Idonsa ne, haɓarsa ce, har ɗan murmushin gefe ɗaya da ya gada wajen Baba yana nan. Ko a kasuwa na gan shi zan gane shi. Na juya ina kallon sababbin gine-ginen hanyar filin jirgi, don in na ci gaba da kallonsa zan iya marinsa.

Da hantsi muka isa, an yi ruwa an ɗauke, layinmu duk taɓo. Matan gidan suka fito yi masa sannu da zuwa, suka dubi fuskar, suka sunkuyar da kai, wata ta ja ɗanta baya. Ya gani, ya dube ni. Na ce ya wuce.

Umma tana kan kujerarta. Ta yi wanka tun safe, ta sa atamfar da take ajiya, har da kwalli a idon da ba ya gani. Ya yi sallama. Ta amsa. Ya durƙusa a gabanta ya kama hannayenta biyu ya riƙe gam, yana gaishe ta, yana tambayar jiki, yana neman gafara. Na lura ba ya son sakin hannun. Ta bar shi ya gama, sannan ta zare su.

Ta fara daga gashin kai. Ta sauko goshi, yatsanta ya bi tabon daga sama har ƙasa. Ta shafa gira, ta shafa ido, ya rufe su. Da ta zo hancin sai hannun ya tsaya. Ta koma baya ta sake biyowa. Ta taɓa gefen da ke nan, ta taɓa gefen da babu. Ta kai ɗaya hannun kunnensa, ta samu inda aka yanke. Hawayensa yana bin yatsunta yana gangarowa har wuyan hannunta.

"Ashe da gaske ne," ta ce.

"Da gaske ne, Umma."

Ta ɗora babban yatsanta a wurin, ya rufe shi ruf, har da saura. Ta ɗan danna kamar mai aunawa. Sauran yatsun suna kan kumatunsa da gemunsa.

"Auta, ɗan wannan wurin ne? Saboda shi ka hana ni sauran duka?"

Ya juyo da ido wajena yana neman ceto, kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna. Ban taya shi ba.